Tsohon da Aka Ce Ya Ƙi Tashi

A kan tudun da ke tare ruwa a bayan ƙauyenmu akwai wani benci na katako mai ɗauke da sunan mahaifina. An rubuta a jikinsa: Wilf Tapsell, mutumin da ya ƙi tashi. Masu zuwa kallon tsuntsaye sukan zauna a kai su ci burodinsu, wasu har su ɗauki hoto. Ni ban taɓa zama a kansa ba, domin rubutun nan ƙarya ne, kuma ni da yayana Clive muka ƙera ta. Sau uku mahaifinmu yana roƙon a ɗauke shi daga gidan nan. Mu ne muka ƙi.

Shekarar da manyan London suka sake tono maganar gina katafaren filin jirgin sama a bakin kogin Thames, Baba yana da shekara tamanin da ɗaya. Zanen da aka buga a jarida ya nuna titin saukar jirage ya bi ta kan fadamar da ya yi shekara hamsin yana kiwon tumakin mutane a cikinta, ya haɗa da cocinmu, ya haɗa da gidansa da ke can ƙarshen layi. Nan da nan ƙauye ya rabu biyu. Wasu na cewa a gina, samari su samu aikin yi. Wasu na cewa ai ba a zuba kankare a kan kaburburan iyaye da wurin saukar agwagin daji. Mutanen da suka yi shekara talatin suna shan giya a teburi ɗaya suka koma gaisuwa da ka.

Ni Denise, a garin Strood nake zaune, tafiyar minti ashirin a mota, ina aiki a kicin ɗin wata makaranta. Tun da 'yata ta yi aure ni kaɗai ce a gidan. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙasa kusa da banɗaki, babu komai a cikinsa sai kwalayen kayan Kirsimeti da keken motsa jiki da na saya na hau sau huɗu. Ina so a riƙe maganar ɗakin nan, don kada a ce ba ni da wurin ajiye shi.

A watan Oktoba injin ɗumama gidan Baba ya mutu. Na je ranar Asabar da cefane na same shi a kujerarsa da riguna uku a jiki. Kujerar nan koriya ce, ƙatuwa, mai faɗin hannuwa, kuma a cikinta yake barci tun da ƙirjinsa ya daina barinsa ya kwanta a miƙe. Na dafa mana shayi. Ya yi ta juya cokali a kofi, abin da ba halinsa ba, sannan ya ce, "Den, ɗan ɗakin nan naki na ƙasa, har yanzu kwalaye ne a ciki?"

Na ce e.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wata igiyar roba mai ruwan lemo, irin wadda ake ɗaure damin ciyawa da ita. Baba bai taɓa yarda da abin awo na kanti ba, komai da igiya yake aunawa, daga ƙofar garke har tsawon labule. Ya ƙulla ta a wuri biyu.

"Faɗin kujerata ke nan. Ki gwada a ƙofar ɗakin. In ta shiga, to, ba zan dame ki ba. Ba na cin abinci da yawa, kin sani."

Na yi dariya na ce ai ya fi ni ci, na cusa igiyar a aljihun kwat ɗina, na ce zan auna da na koma. Allah ya sani a lokacin da zuciya ɗaya na faɗa.

Kuskurena shi ne na kira Clive a hanya. Clive tsofaffin motocin kaya yake sayarwa a Gravesend, kuma bakinsa ya dace da sana'arsa. Washegari sai ga shi a ƙofata. Ya ce wani lauya abokinsa ya gaya masa idan aka amince da filin jirgin, gwamnati za ta sayi gidajen layin nan da daraja har da ƙari a kai, amma sai idan mai gidan yana zaune a ciki. Wanda ya tashi kafin a yanke hukunci ya yi asara. Har yau ban san ko haka dokar take ba, don ban taɓa bincikawa ba. Maganar ta yi mini daɗi ne kawai, na karɓa hannu bibbiyu.

"Wata shida ne fa, Den," in ji shi. "Mutumin da ya yi shekara tamanin a gida, wata shida ne za su gagare shi? Ai don shi muke yi. Da kuɗin sai mu nema masa wuri mai kyau, ba wannan akurkin naki ba."

Na tambaye shi maganar injin ɗumama gida. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce wane mai hankali ne zai sa sabon inji a gidan da katafila za ta rushe? Ya sayo wata 'yar hita ta lantarki mai sanda biyu, wadda in ka zauna gabanta ƙaurinka ya ƙone, bayanka na rawar sanyi. Baba ya yi godiya. Bai tambaye ni igiyar ba, ni ma na yi kamar na manta.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a idon ƙauye Clive ne kan gaba wajen yaƙi da filin jirgin. Shi ke buga takardu, shi ke liƙa su a sandunan fitila, baje mai taken adawa har biyu a ƙirjinsa. Ya ce haka ake yi, in ka nuna kana so sai su raina farashinka. Shi ya kawo mai ɗaukar hoto daga jaridar yankinmu. Aka cire wa Baba bargo, aka ba shi tsohuwar sandarsa ta kiwo, aka tsayar da shi a bakin ƙofa cikin iska har kusan rabin sa'a, wai ana jiran haske ya yi daidai. Hoton ya yi kyau ƙwarai. A ƙarƙashinsa aka rubuta cewa tsohon makiyayi ya ce sai dai a fitar da gawarsa.

Na kai masa jaridar. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu.

"Ashe na faɗi haka?"

Na ce Clive ne ya ɗan gyara maganar.

"Ya iya gyara. Ni dai abin da na tuna na ce shi ne a rufe ƙofa, zafi na fita."

Daga ranar ya zama na kowa. Hotonsa a tagar kanti, hotonsa a bayan motoci. Mata na aiko masa da kek, yaran makaranta na zana masa agwagi. Duk wanda ya zo sai ya kama hannunsa ya ce kada ya ba da kai. Baba kuwa mutum ne mai tsananin kunya, da ya ce wa baƙo yana jin sanyi gara ya daskare. Clive ya san haka sarai, ni ma na sani.

Wata shida suka wuce, aka ce an kafa kwamiti. Kwamitin ya ce sai ya ji ta bakin kowa. Bazara ta zo ta rufa mana asiri, don da rana ta fito Baba kan fita ya zauna a bakin ƙofa, mu kuma mu ce wa juna ga shi nan garau. Sai damina ta biyu ta shigo, irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin kamarta ba. Iska ta ɗebe wani ɓangare na rufin. Clive ya hau ya shimfiɗa leda ya danne da bulo huɗu, ya sauko yana kakkaɓe hannu kamar ya gina coci. Ruwa ya ci gaba da zuba. Bokiti uku a sama, tukunya ɗaya a kan matakala. Da Baba ya kasa hawa ya zubar da su, sai muka rufe ƙofar benen gaba ɗaya, muka bar ruwan ya yi abin da ya ga dama. Bangon falo ya yi baƙi da funfuna tun daga ƙasa har tsayin kafaɗa. Na sayo maganin feshi mai ƙamshin lemo ina fesawa duk Asabar. In na koma gida sai na wanke gashina kafin warin danshin ya bar ni.

Maƙwabciyarsa Olive Goodhew, wadda ita ma ta haura saba'in, ita ce ke leƙa shi kullum da safe. Wata Asabar ta tare ni a bakin mota ta ce ko karenta ba za ta bari ya kwana a falon nan ba. Na ce mata ai shi ne ya ƙi tashi, ba ta ga jarida ba? Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ta san Wilf tun kafin a haife ni, ta juya ta shige gida. Na yi fushi da ita har mako biyu. Da na san ba ta da gaskiya, da ban yi fushin ba.

A watan Disamba ciwon huhu ya kwantar da shi, ya yi kwana tara a asibiti. Ranar sallama wata nas ta ja ni gefe ta tambaye ni yadda gidan yake. Na ce tsohon gida ne amma da ɗumi. Ta rubuta. Da na koma bakin gadon, Baba na zaune da jakarsa a cinya, ya yi fes, kumatunsa har sun ɗan ciko saboda kwana taran nan na ɗumi.

"Den, maganar igiyar nan."

Na ce, "Ba ta shiga, Baba. Ƙofar ta yi ƙanƙanta."

"Kin auna?"

"Na auna."

Ya daɗe yana kallona. Mutumin da kan hango tunkiya daga nesa ya san ƙafar da ke mata ciwo, ba zai kasa karanta fuskar 'yarsa ba. Amma sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, tunda kin auna." Ya miƙo mini jakar. A lokacin nan igiyar tana cikin aljihun kwat ɗin da ke jikina, ƙullinta na taɓa cinyata.

Ba zan ɗora wa Clive duka ba. Ni ma ina da nawa dalilan, kuma na jera su tsaf. Ina aiki, wa zai zauna da shi da rana? Bayana na ciwo. Ya saba da fadama, gari zai kashe shi. Gaskiyar ita ce na saba da shirun gidana, kuma na riga na zaɓi kalar sabon kicin ɗin da zan yi in an raba kuɗin.

A ƙarshen Janairu mutanen kwamiti suka zo ɗakin taron ƙauye da taswirori. Clive ya ce dole Baba ya je. Muka naɗe shi da bargo muka tura shi a keken marasa lafiya, ɗaki ya miƙe tsaye ana tafi. Aka yi ta musu fiye da sa'a biyu. Wani mai kwat ya yi bayanin yawan jirage da yawan ayyuka. Wata malama ta yi bayanin agwagin da ke tasowa daga ƙasashen ƙanƙara su sauka a lakarmu, da yadda za su riƙa shiga injin jirgi. Wani ya tuna musu da hazon da kan rufe kogin kwana uku a jere. Clive ya tashi ya yi jawabi har muryarsa na rawa, ya ɗora hannu a kafaɗar Baba ya ce wannan tsohon ya fi dukan jiragensu daraja.

Sai Dean Packham ya miƙe daga baya. Shi yana cikin masu son a gina, shekara biyu ba shi da aiki, ga 'ya'ya uku. Aka fara yi masa ihu, bai zauna ba.

"Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Kuna ta kuka a kan agwagi, akwai wanda ya saurari numfashin dattijon nan? Daga nan baya nake jin sa. Clive, in ya fi jirage daraja, ka gyara masa rufi mana."

Aka ce ya zauna, ba shi da kunya, an saye shi. Ni ma ina cikin masu cewa ya zauna, kuma muryata ta fi ta kowa.

A hanyar komawa Clive na tuƙi, ni da Baba muna baya. Ruwan bakin kogi ya janye, laka ta fito fili, agwagi sun cika ta. Baba ya yi ta kallonsu ta taga, yana motsa baki kamar yana ƙirgawa, kamar yadda ya saba. Sannan ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Ko babu kujerar, Den. Zan iya jingina da filo uku. Na gwada."

Clive ya ƙara muryar rediyo. Na kama hannun Baba, sanyi ƙalau, na ce ya yi haƙuri har a yanke hukunci, an ce saura kaɗan. Ya ce ba komai. Ya ce agwagin bana sun fi na bara yawa. Bai sake tayar da maganar ba.

Ranar sha ɗaya ga Fabrairu da safe Olive ta same shi a kujerarsa, da kwat da hula da safar hannu, hitar a kashe. Daga baya muka gane danshi ne ya shiga wayoyin bango wutar falon ta ɗauke, shi kuwa bai iya kaiwa inda ake mayar da ita ba. Ba mu san kwana nawa ya yi haka ba, don Olive ta je wurin 'yarta kwana biyu, ni kuma Asabar ɗin ban je ba, na ce ruwa ya yi yawa a hanya. Ya yi kwana uku a asibiti bai farfaɗo ba, har ya cika. Likita ya tambaye mu wa ke zaune tare da shi. Clive ya ce mahaifinmu mutum ne mai taurin kai, mun yi mun yi ya ƙi tashi. Likitan ya dube ni, na gyaɗa kai.

Coci ya cika ranar jana'iza har waje. Olive ba ta yi mini ta'aziyya ba. Dean Packham ya yi, ya ce ya yi nadamar abin da ya faɗa a taro. Na ce ba komai, na yafe masa. Ku ji fa, ni ce na yafe masa.

A watan Satumba aka sanar a rediyo cewa ba za a gina filin jirgin a bakin kogi ba, ya yi tsada, ya yi ɓarna. Aka buga ƙararrawar coci. Ba a yi mako uku ba Clive ya kawo ma'aikata. Rufin da ya gagara kusan shekara guda, kwana huɗu aka yi aka gama shi. Sabon injin ɗumama gida kafin azahar an haɗa shi. Aka kankare funfuna, aka yi fenti fari, aka sa gidan haya ga masu zuwa kallon tsuntsaye, an ce ɗuminsa har sai sun buɗe taga. Kujerar kuwa aka jefa ta a rumfar bayan gida aka rufe da ledar da ta sauko daga kan rufi.

Ranar buɗe bencin, sanyi ya fara shigowa, na ɗauko kwat ɗina na damina wanda ban sa ba tun jana'iza. Aka ce in yi jawabi a madadin iyali. Ina tsaye gaban jama'a na sa hannu a aljihu, sai na ji ƙulli biyu. Da ina da zuciya, da a nan zan fito da igiyar in gaya musu wanda ya ƙi da wanda bai ƙi ba. Na ce mun gode, Baba zai yi alfahari. Aka tafa.

Da na koma gida ko takalmi ban cire ba. Na buɗe ɗan ɗakin, na ɗora ƙulli ɗaya a jikin katakon ƙofa na ja igiyar zuwa ɗaya gefen. Ba ta kai ba. Akwai sauran wuri kamar faɗin yatsu uku. Na sake aunawa a sama, na auna a ƙasa, ko zan samu inda ƙofar ta tsuke. Duk abin bai ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma shekara biyu igiyar tana wurina.

An kafa kwamiti a kan filin jirgin nan, an ƙirga agwagi, an auna laka, an saurari kowa har wanda bai taɓa taka ƙauyenmu ba. Tsoho ɗaya ya yi tambaya ɗaya sau uku, cikin ladabi, ga 'ya'yan da ya haifa, ba a saurare shi ba. Ba jirgi ne ya kashe mahaifina ba, ko katafila ɗaya ba ta iso layinmu ba. Kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne, don a layin nan akwai wasu tsofaffin da aka ce su daure har a ga yadda za ta kaya. In kana da naka da ke jiran ka gama lissafi, ka tashi ka je yau, kada ka kira yayanka a hanya.

Clive ya ce in bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce, kuma in na buɗe baki ƙauye zan kunyata. Ba ma magana yanzu. Na kwashe kwalayen, na ba da keken kyauta, na biya wasu maza biyu suka ɗauko kujerar daga rumfa. Har yanzu tana warin danshi. Ina tsaye suka shigar da ita ɗakin a miƙe, ba su karkata ta ba, ko fentin ƙofar ba ta goga ba.